Ranar da Mushe Ya Zo Zagina

Har na kai ajin ƙarshe na kolej, wato ƙaramar sakandare, kakata ba ta taɓa faɗin alheri a kaina ba, ko da kuskuren baki. In na share tsakar gida tas, sai ta fito da sandarta ta tsaya ta ce, "Wagga shara ta, ko kaji sunka yi tono?" In aka yi mini kitso na dawo ina jin kaina, sai ta ce kitso dai ya yi, kan ne Allah bai taimaka ba. Sunana na yanka kuwa sai a makaranta nake jinsa. A gida "ke mummuna" ce, ranar da ta so sauyi ta ce "ke ƙazama".

Baƙo in ya ji sai ya ɗauka wasan kaka da jika ne, ya yi dariya. Amma mai wasa yakan kalli wanda yake tsokana, ya ga ko maganar ta shiga. Kaka ba ni take kallo ba. In za ta zage ni, saman zanar da ta kewaye gidanmu take kallo, ta ɗaga murya fiye da yadda ake bukata, don wani da ke waje ya ji.

Kowa a garinmu ya san wa take son ya ji. Garin ƙarami ne, arewa da Dogon Dutsi, ba nisa da Matankari, kuma a can ba abin mamaki ba ne a ce gida kaza yana da doguwarsa, wato iskar da ta saba da zuriyar. Duk 'ya'yan da mahaifiyata ta haifa kafin ni ba wanda ya kai yaye. Kaka ta ce ita ta san dalili: jarirai ne kyawawa masu gashi, duk matar da ta shigo barka sai ta yaba, doguwa kuwa abin da aka yaba shi take zuwa ta ɗauka. Da aka haife ni sai aka kai ni kan juji aka ajiye, Kaka ta bi baya ta ɗauko ni tana shela cewa ta tsinci abin da ba mai so. Ni na tsaya. Mahaifiyar tawa ce ta tafi, Allah ya yi mata rasuwa ina rarrafe. Mahaifina ya tafi ci-rani kurmi, ya zauna can. Na tashi a hannun Kaka, tare da autanta da nake kira Kawu.

Wannan labarin na san shi tun ina ƙarama, kuma sanin bai hana ni jin zafi ba. Yarinya mai tasowa tana son wata rana a ce mata sannu, kin kyauta. Nakan ce a raina, to ko a kunne ma ta raɗa mini mana, doguwar nan kunnen zomo gare ta?

A shekarar ƙarshe aka kawo mana sabon malamin Ingilishi. Mu duk malami namiji mushe muke ce masa, malam ke nan da Faransanci, amma wannan shi ya cinye sunan, in aka ce Mushe kawai shi ake nufi. Bazabarme ne tashin Yamai, ya ɗan zauna Gana wajen karatu. Dogo ne siriri, yana da tsohon babur da ake jin zuwansa tun daga bakin kasuwa. Hausarsa ta tsince ce, yakan ce wa mace "kai" ya ce wa namiji "ke", mu yi ta danne dariya. Ba ya duka, ba ya zagi. Mu da muka saba da malaman da suka haddace zagin Faransanci kala-kala, da farko mun ɗauka tsoronmu yake ji.

Wata rana cikin bazara, zafi ya hana kowa motsi, ya shigo ya ce yau yabo za mu koya. Ya ce malalacin malami kalma biyu ya sani, da kyau, da kuma da kyau ƙwarai, alhali a Ingilishi kowane irin kirki da kalmarsa, kamar yadda mai awo a kasuwa yake da tiya yake da gwangwani. Ya ɗauki alli ya riƙa rubuta su ɗaya bayan ɗaya, yana juyowa yana neman misali a cikinmu.

Commendable, ya ce, ta wanda ya yi abin da ya dace ce alhali da wuya. Ya nuna wata Bafulatana 'yar ajinmu da ke tahowa da ƙafa daga ruga kullum ba ta makara, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Creditable ta wanda bai zo gaba ba ce amma bai ji kunya ba, irin gonar da ba ta cika rumbu ba amma ta ciyar da gida. Admirable abin da in ka gani zuciyarka za ta yi sanyi ka ji kana son mai shi. Exemplary wanda ake nuna wa saura a ce ku yi kamarsa. Ta ƙarshe ya ja mata layi a ƙasa, praiseworthy. Ya ce wannan ita ce uwarsu, abin da ya cancanci a buɗe baki a yaba, wanda in ka gani ka yi shiru ka ci hakkin mai shi. Da gaske yake faɗi, har jijiyar wuyansa ta tashi.

Kalmomin nan sun shiga raina. Ina daka ina faɗinsu ƙasa-ƙasa, kowace saukar taɓarya da tata. Kaka ta ce na fara magana ni kaɗai, dama abin da ya rage ke nan.

Da muka koma ajinsa ya ce kowa ya tashi ya faɗi da Ingilishi abin da ake cewa a kansa a gida. Yara suka yi ta shirga ƙarya. Wannan ya ce babansa ya ce shi admirable ne, waccan ta ce innarta ta ce ita exemplary ce. Wane uba ne a garinmu zai dubi ɗansa ya faɗi haka? Ni kuwa da safiyar nan Kaka ta ce kunun da na dama ko jaki sai an roƙe shi zai sha, kuma abin yana cina. Da aka zo kaina na miƙe na faɗi, da Ingilishi tsaf ba tuntuɓe, cewa kakata ta ce ni mummuna ce, ƙazama, malalaciya. Aji ya fashe da dariya, don duk sun san Kaka. Mushe bai yi dariya ba. Da aka tashi ya tsayar da ni ya tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce kullum ne. Ban ba shi labarin juji ba. Wace budurwa ce za ta gaya wa ɗan Yamai cewa a kan shara aka tsince ta?

Ba a jima ba aka yi mana jarrabawar gwaji, wadda ake yi kafin burbe. Burbe ita ce babbar jarrabawar ƙarshen kolej, wanda ya ci ya wuce lise, wato babbar sakandare, wanda bai zana ta ba shekarun da ya yi yana sintiri sun tashi a banza. A gwajin na zo ta ɗaya a Ingilishi, a sauran ma ban yi nisa da gaba ba.

Ranar da sakamako ya fito, bayan la'asar, matan unguwa suna tsakar gidanmu suna taya Kaka ɓarar gyaɗar iri, sai muka ji babur ya tsaya a ƙofa. Kawu yana Dogon Dutsi wajen kasuwancinsa. Mushe ya yi sallama, aka ce ya shigo tunda gidan tsohuwa ne. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, na koma bakin madafa na tsaya.

Bayan gaisuwa ya ce, "Kaka, na zo in gaya miki wace ce wannan yarinya."

"Na san ta," in ji Kaka. "Mi ta ɓata kuma?"

"Ba ta ɓata komai ba. Ita ta zo ta ɗaya a Ingilishi, duk ajin."

Hannun Kaka ya tsaya a cikin ƙwaryar gyaɗa. "Tubarkalla," ta ce da sauri. "Kuskure dai anka yi wajen gyara, mushe. Wagga kanta ƙoƙo na, ba komi ciki."

Shi kuwa bawan Allah sai ya ɗauka da gaske tsohuwar ba ta san abin da take da shi ba. Ya gyara zama ya ce a'a, ba kuskure, shi da hannunsa ya gyara. Kaka ta ce to sa'a ce. Ya ce ba sa'a ba ce, ƙwaƙwalwa ce. Kaka ta ce ƙazama ce. Ya ce duk makarantar ba mai tsaftar littafi kamarta. Duk inda Kaka ta toshe sai ya ɓullo ta wani wuri da abin da ya fi na baya. Can doki ya ɗauke shi, ya fara jero kalmomin nan nasa, ya faɗa da Ingilishi ya fassara da Hausa, abin yabo, abin sha'awa, abin koyi. Ya ce a shekarun da ya yi yana koyarwa bai ga kamata ba. Ya ce wata rana sai an ji sunana a rediyo. Sannan ya juyo ya nuna ni da hannu ya ce, "Kuma wa ya ce mummuna ce? Ku dube ta mana!"

Ba wadda ta dube ni. Matan nan kowace ta sunkuyar da kai kan gyaɗarta, wata ma ta ɗauki tasarta ta fice ba sallama. Duk tsawon maganar nan bai ce tubarkalla ba, bai ce masha Allah ba, ko sau ɗaya. Ba mugunta ba ce, kuma ba wai a Yamai ba a san baki ba ne. Shi dai ya zo ne ya biya wata yarinya hakkinta, komai ya fita daga kansa.

Ni a bakin madafa na san abin da ake yi ba daidai ba ne, na ga fuskar Kaka ta koma kamar toka. Amma wallahi na ji daɗi. Na sha maganar nan yadda mai azumi ke shan ruwa, ban so ya tsaya ba.

Yana fita Kaka ta miƙe. Ta zubar da sauran ruwan da ya sha a bayan gida, ta share inda ya zauna, ta watsa gishiri a wuta, ta kama kaina ta yi ta tofi. Da magariba na zuba mata tuwo ta karɓa ba ta ce komai ba, ba ta ce ya yi gudaji ba, ba ta ce miyar ta yi tsararo ba. Wannan shirun ya fi ba ni tsoro.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kwantar da ni. Kawu ya ɗaura ni a bayansa da zane, ya kai ni likita a kan babur. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya ce taifot ce, daga ruwa, kuma yara da yawa a garin suna kwance da ita a bazarar nan. Aka yi mini ƙarin ruwa, aka ba ni ƙwayoyi. Kawu ya gaya wa Kaka abin da majo ya ce, ta ce majo ya san ruwa, ita kuma ta san abin da ta ji da kunnenta. Ta zauna a kaina ba ta ko zuwa barka ko gaisuwar mutuwa. In na buɗe ido ita ce, in na rufe ina jin tafinta a goshina.

Na rame har zoben hannuna yana zamewa, amma na tashi. Ranar da na iya zama da kaina na ce a miƙo mini jakar littattafaina. Kaka ta ce ba jaka, ba lakwal, wato ni da makaranta an gama.

"Wanda yac ci ki da baki sau guda, in ya sake ganinki ƙarasa ki za shi yi. Kin gama."

Na ce Kaka, burbe ta kusa, da ruwan farko za a yi ta. Ta ce a yi ta lafiya. Na yi kuka, na yi fushi, na ƙi cin abinci, ta zauna ta ƙi ci ita ma har na haƙura. Na san halinta, in ta ce a'a an gama, ba bana kaɗai take nufi ba.

Kawu ne ya shiga tsakani. Shi saurayi ne a lokacin, yana sayar da waya da kayanta a Dogon Dutsi, ga gemu, ga wando ɗangale, ga wa'azi a wayarsa kullum. Shi da Kaka ba sa gajiya da faɗa a kan doguwa. Ya ce shirka ce, ba mai ɗaukar rai sai Allah, ta ce lokacin da take binne jikoki shi yana tsotson yatsa. Amma a kan maganar baki, karo na farko a rayuwarsu, suka haɗu. Ya ce malamai sun tabbatar kambun baka gaskiya ne, kuma maganinsa sananne ne, wanda ya yi ya yi alwala a zuba wa maras lafiya ruwan.

Ya je ya sami Mushe ya warware masa komai, har labarin juji. Ya ce mutumin ya riƙe kai da hannu biyu, ya yi ta salati. Nan take ya yi alwala a cikin roba, Kawu ya juye a jarka ya ɗauro a babur. Aka zuba mini, Kaka ba ta hana ba. Da aka gama ta ce, "To, jiki ya samu ruwa. Maganar hwa? Ta riga ta shiga kunnen da tash shiga. Shi yah hwaɗe ta, shi za shi zo shi janye ta, nan inda yaz zamna, gaban matan da sunka ji. Shi ce ƙarya yay yi. Shi hwaɗi aibunta da ƙarhi har in ce ya isa."

"Inna," in ji Kawu, "malami guda za ki sa shi zo shi zagi ɗalibatai? Wanga camhi na."

"To ta zamna gida."

Kawu ya koma wurin Mushe yana jin nauyi. Ya faɗa masa sharaɗin. Mushe ya ce shi tunda ya fara riƙe alli bai taɓa zagin ɗan wani ba, alkawari ne ya ɗaukar wa kansa tun yana ɗalibi. Can ya tambaya ko yarinyar za ta ji. Kawu ya ce gidan namu ba shi da girman da za a ɓoye magana. Mushe ya ce to a gaya mini in toshe kunne. Ban toshe ba.

Ya zo da la'asar, hadari yana ɗan haɗuwa a gabas, maza suna ta gyaran kayan shuka. Kaka ta aika an kira matan nan duka, har wadda ta fice da tasarta. Aka shimfiɗa tabarmar a inda take rannan. Kawu ya tsaya jikin rumbu ya harɗe hannu, don a san shi ba da yardarsa ake yi ba. Ni ina kwance a ɗaki bayan asabari, ina hango ƙafafun Mushe da takalmansa da ya tuɓe.

Ya yi gyaran murya ya ce, "Kaka, rannan na yi kuskure. Yarinyar nan matsakaiciya ce."

"Ɗaga murya," in ji Kaka. "Ba ni za ka jiyar ba."

Ya ɗaga. Ya ce ba ni da ƙoƙari. Kaka ta ce ƙara. Ya ce ta ɗayan da na zo sa'a ce kawai. Ƙara. Ya ce ina barci a aji, rubutuna ba ya karantuwa, littafina duk miya. Matan suna amsawa, "Haka na, haka na," kamar masu amshin waƙa. Ya ce ba za a taɓa jin sunana ko a bakin kasuwa ba, balle rediyo. Daga ƙarshe ya ce, "Kuma mummuna ce." Kaka ta yi ajiyar zuciya, na ji ta daga ɗaki.

Na san duk ƙarya ce, na san don ni yake yi. Amma muryar da ta koya mini kalmomin nan ce, ita kaɗai ce muryar da ta taɓa faɗinsu a kaina, ga shi tana kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Na cusa fuska a matashi na yi ta kuka ba sauti.

Kaka ta sake cewa ƙara. Shi kuwa aibobin makaranta sun ƙare masa, mutumin da bai saba ba. Ya yi ta lalube, sai ya faɗo gida.

"Kuma ba ta da tausayi," ya ce. "Ba ta san darajar wadda ta rene ta ba. In ta samu takarda Yamai za ta tafi ta manta da ke. Irin yaran nan ne da ko kina kwance ba za ta miƙo miki ruwa ba."

Amshin matan ya tsaya cak. Na ji sandar Kaka ta daki ƙasa.

"Wagga ƙarya ta, mushe!"

Na ɗaga asabari. Ta miƙe tsaye, ita da sai ta dafa bango take tashi.

"Shekarad da ƙahwata tak karye, wa yaɗ ɗauke ni? Wanga ƙaton shina Dogon Dutsi shina saida waya. Ita ka goya ni zuwa bayan gida, tana ƙarama, ƙashinta bai ko yi ƙwari ba. Ita ka wanke ni. Ta tashi tun assalatu ta yi daka, ta dama mini hura ta aje inda hannuna ka kaiwa, kana ta ruga lakwal ba ta sa komi bakinta ba. Ta dawo ta iske na ɓata shimhiɗa, ba ta taɓa yamutsa huska ba. In zage ta, ta ce sannu Kaka. Kai wa yag gaya maka ba ta da tausai? Duk Arewa a nemo mini ɗiya irin wagga in gani! Uwatta ma da na haihwa ba ta kama ƙahwatta ba. Ita ɗai gare ni, ita ɗai..."

Nan maganar ta yanke. Ta kai tafin hannu ta rufe bakinta. Matan suka ruɗe, kowace tana tubarkalla, tubarkalla, masha Allah, har Kawu daga jikin rumbu. Mushe ma ya shiga faɗi, yanzu ya tuna. Kaka ta sauke hannunta daga baki. Ta juya tana kallon waje, idonta a buɗe, ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar babba ba.

Na fito ina dafa bango. Ina so in je in rungume ta, zuciyata kamar ta fashe don daɗi da tausayi. Ba ta yarda mun haɗa ido ba. Ta koma ta zauna a hankali ta ce wa Mushe, "Shekarun ga duka ina riƙe da bakina, kai ka zo rana guda ka sa na sake shi."

Ya ce ta yafe masa. Ta ce ba komai, ya tashi ya tafi, ya fita daga ciki.

"Ta tai ta yi jarrabawatta. Yanzu in wani abu yas same ta, ba bakinka na ba. Nawa na." Ta juya wajen Kawu. "Kai kuma gobe da sahe ka ɗauke ta daga gidan ga. Kai ta Dogon Dutsi ta zamna can har a gama. Ta yi nisa da nan."

Haka aka yi. Da safe Kawu ya ɗaure jakata a babur. Na shiga ɗakin Kaka in yi mata sallama, ta juya mini baya tana gyaran wasu tsummoki, ta ce in tafi kada rana ta yi. Ya kai ni gidan wata gwaggon abokinsa kusa da kwalta, inda ɗalibai daga ƙauyuka ke sauka, don a Dogon Dutsi ake zana mana burbe a lokacin. Bafulatanar nan 'yar ajinmu ta ba ni littattafanta na kwafe abin da ya wuce ni. Ranar jarrabawa ruwan farko ya sauka, muka shiga da ƙafafu duk laka.

Na ci, ba a gaba ba, a tsakiya. Da na haɗu da Mushe a ranar sakamako ya waiga dama da hagu, ya rage murya ya ce creditable, ya bi ta da tubarkalla har da tofi. Shekara ta zagayo aka mayar da shi wani gari wajen Tibiri, ban sake ganinsa ba. Kaka ta ƙara shekaru masu yawa, har ta ga ɗana na fari ta ce kunnuwansa sun yi faɗi. Maganar rannan ba ta sake tayar da ita ba, ni ma ban tayar ba.

Sai bayan rasuwarta, muna zaman makoki, Kawu ya gaya mini abin da ya faru ranar da ya kai ni Dogon Dutsi. Ya dawo wajen azahar ya tarar ba ta gida. Maƙwabta suka ce tun fitarmu ta ɗauki sanda ta nufi fadama. A bakin fadamar akwai wani babban gawo da ba mai saran reshensa, nan ake cewa doguwar gidanmu take zama, kuma Kaka ba ta sake bi ta wurin ba tun rasuwar mahaifiyata. A can ya same ta, zaune a gindinsa, ta tuɓe ɗankwali ta ajiye a cinya, rana ta gasa ta, leɓɓanta sun bushe.

Ya ce ransa ya ɓaci, ya sauka ya fara mata faɗa, Inna wannan shirka ce, Inna ki ji tsoron Allah. Ta bar shi ya yi ta yi. Da ya tsagaita ta ce, "Na gaya mata ni na yi maganar, ba yarinya ba. Na ce in ɗauka za ta yi, ga ni na kawo kaina. Tun sahe nike jira, ba ta zo ba."

Kawu ya ce nan ya bar wa'azin. Ya sunkuya ya ɗauke ta cak, ba nauyi, ya ɗora ta a babur. Ta kama rigarsa da hannu biyu. Sun kusa shiga gari sannan ta matso da bakinta kusa da kunnensa, saboda ƙarar inji, ta ce, "Ta ci wani abu kahin ka baro ta?"